Masu fasa tsofaffin gem suna da gaskiya

Akwai wasu mutane a Amurka da Turai da Rasha da ke bin kasuwannin kayan gwanjo suna neman tsofaffin gem na hannu, irin masu ɗan gilashi kamar na agogon lamba. Su saya da kuɗinsu, wani lokaci da tsada, sannan su ɗauko sukundireba su wargaza abin. Su ɓalle ƙwaƙwalwar da ke ciki, su narkar da baƙar robar da ta lulluɓe ta da asid ko da zafi. Su zare gilashin su ɗora a kan sikana. In sun gama, sau da yawa gem ɗin ba ya sake haɗuwa. Amma daga ranar, wasan da ke cikinsa zai iya tashi a kan kowace kwamfuta, da motsinsa da ƙararsa da saurinsa, kamar yadda ya fito daga masana'anta shekara 40 da suka wuce. A ganina mutanen nan godiya suka cancanta, kuma dokar da ta ajiye su a layin masu laifi ita ce ke buƙatar gyara.

A watan Afrilun 1980 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da wani ɗan abu mai shiga aljihun riga, mai suna Ball, na farko a jerin da aka kira Game & Watch. Injiniyan da ya ƙago shi, Gunpei Yokoi, an ce a jirgin ƙasa ya ga wani ma'aikaci yana ta danne-dannen kalkuleta don ya rage gajiyar hanya, sai ya ce ashe manya ma na neman abin da zai ɗebe musu kewa. A lokacin gasar Sharp da Casio ta sa kayan haɗa kalkuleta sun yi arha, su ya ɗauko ya yi wasa da su. Nintendo ya yi ta fitar da waɗannan gem har 1991, kala kusan 60, ya sayar da sama da miliyan 43. Madannin nan mai siffar alamar tarawa, wanda yau ke jikin kusan kowane abin buga gem a duniya, a kan Donkey Kong na 1982 Nintendo ya fara sa shi. Daga nan kowa ya shigo: Casio, Bandai, Tomy, Konami, sai Tiger Electronics na Amurka wanda ya cika shaguna da ɗaruruwan irinsu, har Tarayyar Sobiyet ta yi nata da sunan Elektronika.

Sai an fahimci yadda gilashin yake kafin a gane dalilin fasawar. Fuskar wayar da ke hannunka ɗigo-ɗigo ce, tana zana duk abin da aka ce ta zana. Gilashin waɗannan gem kuwa, tun a masana'anta aka buga kowane hoto a jikinsa, ba ya gusawa ko nan da can. Idan ɗan mutumin da ke wasan zai tashi daga hagu zuwa dama, to an zana shi sau huɗu ko biyar a jere, ƙwaƙwalwa ta kunna wannan ta kashe wancan, ido ya ga kamar tafiya yake yi. Wanda ya taɓa sa wa irinsu sabon batir ya san ɗan lokacin nan da dukan hotunan ke bayyana gaba ɗaya, mutum ɗaya ya zama biyar, hannuwa ko'ina. Ke nan rabin wasan yana cikin ƙwaƙwalwa, rabi yana jikin gilashi. Ko ka kwafe abin da ke cikin ƙwaƙwalwar tsaf, in ba ka da zanen gilashin, ba ka da komai.

Ita kuma ƙwaƙwalwar, abin da masu gyaran waya ke kira IC, ƙarama ce ƙwarai. Yawancin na Nintendo da Tiger da Konami daga gidan Sharp suke, dangin da ake kira SM510. Tana bugawa sau 32,768 a daƙiƙa, daidai da agogon hannu, kuma dukan umarnin wasan a cikin bait 2,772, wato gurbin haruffa 2,772, aka cusa shi. Hoto ɗaya da ka ɗauka da waya ya ninka wannan sau ɗaruruwa. Kuma ba a rubuta umarnin yadda za a iya jona waya a kwafe ba. A jikin silikon ɗin aka sassaƙa shi tun ranar ƙira.

Abubuwan nan suna mutuwa, ko an yi wasa da su ko an adana a akwati. Siririyar fatar da ke tace haske a saman gilashi tana ƙonewa ta yi duhu. Robar da ke haɗa gilashi da allon wuta tana bushewa. Batirin da aka manta a ciki yana zubar da ruwa ya cinye layukan tagulla. Wasu daga cikin waɗannan suna gyaruwa a hannun gwani. Wanda ba ya gyaruwa shi ne idan ruwan da ke tsakanin gilashi biyu ya fara yoyo ya bar baƙin tabo, domin babu masana'antar da ke buga wannan zanen yanzu. Kowace shekara masu aiki raguwa suke yi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Hanya biyu aka bi wajen ɗora su a kwamfuta, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana da girma. Ta farko ita ce mutum ya zauna da gem ɗin ya yi ta bugawa, yana lura, yana auna lokaci, ya ɗauki hoton fuskarsa, sannan ya rubuta sabuwar manhaja da ke yin abin da idonsa ya gani. Wani ɗan Italiya, Luca Antignano, wanda aka fi sani da MADrigal, ya yi haka ga gem da dama tun ƙarshen shekarun 1990, kuma aikinsa mai kyau ne, shi ya riƙe sunan waɗannan wasanni a lokacin da babu wanda ya kula. Wasu masu zane a Poland ma sun buɗe shafin Pica Pic a kan wannan tsari. Sai dai ido yana da iyaka. Mai kallo ba zai san ta wace ƙa'ida ƙwaƙwalwar ke zaɓen inda ƙwai na gaba zai faɗo ba, ko a wane maki sauri ke ƙaruwa kuma a wane yake sassautawa don ɗan wasa ya huta. Zai kintata ne, ya sa nasa. Abin da ya fito wasan mai kwaikwayon ne sanye da rigar na asali. Ga kuma wata matsala: Pica Pic a kan fasahar Flash aka gina shi, wadda kamfanin Adobe ya daina tallafa wa a ƙarshen 2020. Abin da aka yi don ceton tsohon gem shi ma ya wayi gari yana neman mai ceto.

Hanya ta biyu ita ce ta masu fasawa. A 1997 wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara wata manhaja mai suna MAME don adana injinan wasa na gidajen gem. Masu aikinta sun daɗe suna cewa burinsu rubuta yadda kowace na'ura ke aiki ne, buga wasan kuwa riba ce da ta biyo baya. Wajen 2015 suka juyo kan ƙananan gem na hannu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fice a wannan fanni, Sean Riddle, shi ne ke cire murfin ƙwaƙwalwa, ya sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ɗauki hotuna masu yawa ya haɗa su wuri ɗaya. A cikin hoton ana ganin umarnin wasan da ido, layi-layi, inda akwai ɗigo da inda babu, wato ɗaya da sifili. Ga ƙwaƙwalwa irin SM510 gurabe sama da 22,000 ne za a karanta, kuma kuskure a guda ɗaya na iya birkita wasan. Wani kuma ya rubuta manhajar da ke ɗaukar matsayin ita kanta ƙwaƙwalwar, umarni bayan umarni. Wani ya kunna dukan hotunan gilashi lokaci ɗaya, ya sa a sikana, ya bi kowane hoto ya zana gefensa da hannu, ya gano wace ƙafar ƙwaƙwalwa ce ke kunna shi. Idan aka haɗa ukun, asalin umarnin da injiniyoyin Nintendo suka rubuta a 1981 ne ke gudana, babu abin da wani ya kintata.

Masu tara waɗannan kaya suna jin zafin fasawar, kuma na fahimce su. Wanda ya yi shekaru yana neman wani gem, ya ji an narka irinsa da asid, dole ransa ya sosu. Amma a duba lissafin. Gem ɗin da aka buga dubu ɗaruruwa, a ba da ɗaya, sauran su ci gaba da zama a hannun masu su, wasan kuma ya tsira ko da dukansu sun mutu. Masu aikin ma sukan nemi wanda jikinsa ya riga ya lalace, matuƙar ƙwaƙwalwa da gilashi na da rai. Daga baya kuma an gano cewa wasu ƙwaƙwalen Sharp suna da ƙofar gwaji da masana'anta ta bari, wadda ake iya karanta umarnin ta ƙafafunsu ba tare da an narka komai ba. 

Karanta ƙwaƙwalwa yana fito da abin da kallo ba zai taɓa fitarwa ba. A 1984 Sobiyet ta fitar da Elektronika IM-02, inda kyarkeci ke taren ƙwai da kwando daga akurki huɗu. Miliyoyin yara suka taso da shi, har wata magana ta bazu a tsakaninsu cewa duk wanda ya kai maki 1000 gem ɗin zai nuna masa katun. Kowa ya san ya yi kama da Egg na Nintendo na 1981. Amma sai da aka buɗe su biyun aka ga zurfin kamar: ita kanta ƙwaƙwalwar Sobiyet kwafin ta Sharp ce, umarnin da ke cikinta kuma na Nintendo ne, zanen gilashi kawai aka sauya. An kuma ga wasu gem na Elektronika masu sunaye dabam-dabam, na 'yan sama jannati da na mai tsaron gida da sauransu, duk abu ɗaya ne a ciki. Wannan shaida ce a kan yadda masana'antun lantarki na Sobiyet ke aiki a zamanin yaƙin cacar baka, kuma daga cikin kayan wasan yara aka tono ta. Katun kuwa babu shi a ko'ina cikin umarnin.

Na san wani zai ce duk wannan wahala a kan wasan yara, alhali duniya na fama da abin da ya fi haka. Amsata ita ce ba a taɓa kuɗin kowa ba. Masu aikin nan da lokacinsu da aljihunsu suke yi, su saki sakamakon kyauta. A watan Maris na 2018 Internet Archive, ɗakin karatun intanet da ke San Francisco, ya ɗora kimanin 60 daga cikin waɗannan gem ta yadda kowa zai buɗe a burauza ya buga, ba sai ya sauke komai ba. Sannan abin da yara suka yi wasa da shi tarihi ne kamar kowane tarihi, shi ya sa birnin Rochester na jihar New York ke da babban gidan tarihi, The Strong, wanda wasa kaɗai ya sa a gaba. Ga ɗalibin kwamfuta kuwa, ban san darasin da ya fi wannan ba. Manhajojin yau sun yi girman da babu mutum ɗaya da ya san cikinsu duka. Wannan kuwa cikakken wasa ne, da agogo da ƙararrawa da ƙidayar maki, wanda ɗalibi zai iya zama ya karanta daga farko har ƙarshe, ya ga yadda ake yin abu mai kyau da ɗan kaɗan.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne haƙƙin mallaka, kuma ba na ɗaukarsa da wasa. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira abin kiyayewa ne, bai halatta a keta shi ba. Dokokin ƙasashe ma haka suka ce. A Amurka, shari'ar Sony da Connectix ta shekarar 2000 ta nuna cewa rubuta manhajar da ke kwaikwayon wata na'ura ba laifi ba ne. Amma umarnin wasan da zanen gilashin na kamfani ne, kuma a dokar Amurka aikin kamfani yana da kariyar shekara 95. Ball na 1980 sai bayan 2075 zai zama na kowa. Babu gilashin da zai kai wannan lokaci da ransa.

Nintendo ba ya wasa da wannan. A 2018 ya kai masu shafin LoveROMs, mai raba kwafin tsofaffin wasanni, kotu, aka ƙare a kan diyyar kusan dala miliyan 12. A Maris na 2024 masu manhajar Yuzu suka amince su biya dala miliyan 2.4 su rufe. A kan Yuzu ba ni da ta cewa don kare su, domin Switch ta Nintendo suke kwaikwayo, na'urar da ke shaguna ana sayarwa, da wasannin da mutane ke cin abinci da su a lokacin. Wanda ya kwashi sabon wasa kyauta ya hana mai shi ciniki. Amma ina cinikin da aka hana idan aka ɗora wani gem na Tiger na 1989 a intanet? Kamfanin ba ya sayar da shi. In ka saye shi a gwanjo ko sisi ba ya shiga aljihun waɗanda suka ƙirƙira shi. Doka ta ɗaure abu biyun nan da igiya ɗaya, alhali ba ɗaya ba ne.

Masu cewa a bar wa kamfanoni su adana kayansu, su dubi abin da kamfanonin suka yi. Hasbro, wanda ya sayi Tiger a 1998, ya sake fitar da guda huɗu a 2020, cikin ɗaruruwa. Yawancin na Tiger a kan sunan finafinai da 'yan wasa da wasannin wasu kamfanoni aka gina su, don haka sake fitar da ɗaya sai an tara sa hannun mutane da yawa, wasunsu ma kamfaninsu ya rushe. Nintendo ya fi kowa ƙoƙari, ya sayar da wasu daga cikin Game & Watch ta shagonsa na intanet tun 2009, sai dai shagon na'urarsa ta hannu 3DS da ake samunsu ya daina sayarwa a Maris na 2023. Ya buɗe gidan tarihinsa a Uji kusa da Kyoto a Oktoban 2024, abu ne mai kyau, amma mutum nawa ne za su iya zuwa Uji? Binciken da gidauniyar adana tarihin gem, Video Game History Foundation, ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa. Duk da haka a Oktoban 2024 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi bai wa ɗakunan karatu izinin barin masu bincike su buga irin waɗannan wasanni daga nesa, bayan ƙungiyar manyan kamfanonin gem ta nuna adawa.

Ni na fi ganin aikin masu MAME kusa da na mai tsintuwa. Ya ga abu yashe a hanya zai lalace, ya ɗauka ya adana, ya yi cigiya, ya rubuta sunan mai shi a jiki, bai sayar ba, bai ce nasa ne ba. Abin da nake so doka ta yi shi ne ta ba wannan matsayi suna da iyaka: wasan da ya bar kasuwa shekaru masu yawa, a bar ɗakunan karatu da masu adana tarihi su kwafe shi su nuna wa jama'a ba don kuɗi ba, ranar da mai shi ya dawo da shi kasuwa kuma a janye. Ba sabon abu na kawo ba. Tarayyar Turai ta sa makamancin haka a dokarta ta 2019, wadda ta ba cibiyoyin adana tarihi damar kwafe abin da ke hannunsu don kada ya salwanta, ta kuma buɗe hanya ga ayyukan da suka fita kasuwa. Faransa kuwa tun dokar 1992 ake kai wa ɗakin karatunta na ƙasa kwafin manhajoji da wasannin kwamfuta kamar yadda ake kai littafi.

Ban ce abin da ke kan kwamfuta ya maye gurbin na hannu ba. Gilashin asali ba ya ba da haske, hasken ɗaki yake aro, kana karkata shi ka ga inuwar hotunan a kan zanen da ke bayansa. Madannin roba yana da taushin da kibod ba shi da shi. An yi abin ne don ya cika tafin hannun yaro, a kan babbar fuskar kwamfuta kuwa sai ya zama wani abu dabam. Masu MAME sun san haka, shi ya sa suke ɗaukar hoton jikin gem ɗin gaba ɗaya su kewaye wasan da shi. Duk da haka an yi asara, amma da babu gara ba daɗi.

Mu nan Game & Watch bai yawaita a hannunmu ba, sai ɗan wanda aka yo wa tsaraba. Wanda ya game gari a shekarun 1990 zuwa farkon 2000 shi ne Brick Game, dogon nan mai cin ƙananan batura biyu, wanda aka rubuta wa 9999 in 1 a goshi, alhali wasannin da ke ciki 'yan kaɗan ne ake ta juyawa: jera bulo, tseren mota, maciji, harbin tanka. Fuskarsa gida 10 ne a kwance, 20 a tsaye. Jera bulon da ke ciki kwafin Tetris ne, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984, kuma masana'antun China da suka yi ta buga shi yawanci ko sunansu ba sa sawa. Irin wannan ne ya fi kowa shiga haɗari. Ba shi da kamfanin da zai gina masa gidan tarihi, babu wanda za a nemi izininsa, masu tara kaya ba sa ganin darajarsa saboda arha, ƙwaƙwalwarsa kuma ɗigon baƙin gam ce manne a jikin allo. Sai a 'yan shekarun nan aka samu wanda ya buɗe wasu daga cikinsu, ya karanta ƙwaƙwalwar da kamfanin Holtek na Taiwan ya ƙera, har aka shigar da Brick Game cikin MAME. Amma kalolinsa suna da yawa, kowace masana'anta da abin da ta ƙara ko ta rage, da kiɗanta, da jerin wasanninta, kuma waɗanda aka karanta ƙalilan ne.

Wanda ke da irinsa a ƙasan akwati ko a ɗakin tsohuwa, abu na farko ya buɗe bayansa ya cire batir, ya goge farin garin da ya taru a wurin, ya ajiye shi inda rana da damshi ba sa kaiwa. Ya ɗauki hoton gabansa da bayansa da lambar da ke jiki, in da kwalinsa har da shi. Masu aikin MAME suna da jerin na'urorin da suka riga suka karanta, a buɗe yake ga kowa, kuma suna karɓar wanda ba ya cikin jerin ko da gilashinsa ya dushe ko madanninsa sun daina aiki.